Yadda Taba Ta Shigo Ƙasar Daura, Da Abin Da Ya Zaunar Da Ita

Babban Mutum gari ne a ƙasar Ɓaure, cikin masarautar Daura, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Ɓaɓura, in ya wuce Babban Mutum kaɗan ya shiga ƙasar Magarya, daga can sai Damagaram. Mun zaɓi wannan gari ne don mu ba ku labarin taba, ku 'yan makaranta, domin kusan duk abin da ya sa mutanenmu suka riƙi taba ta wannan hanya ya biyo, tun daga jakunan fatake har zuwa baburan 'yan fasa-ƙwauri. Watakila malaminku na kiwon lafiya ya riga ya gaya muku taba tana kisa. Gaskiya ya faɗa. Amma akwai wata tambaya da ba a cika yi a aji ba. Abin da ba ya ƙosarwa, ba ya kashe ƙishirwa, kuma sai an sa kuɗi an saya, me ya sa talaka, wanda bai tabbatar da tuwon darensa ba, ya fi kowa riƙo da shi? In muna son amsa, sai mu koma baya da nisa.

Da fari dai ku sani taba baƙuwa ce. Bayajida bai san ta ba, Daurama ba ta taɓa ganinta ba, sarakunan Daura masu yawa sun yi zamaninsu sun wuce ba su ji ko warinta ba. Asalinta daga Amurka ne. A cikin 1492 mutanen Kolumbus suka sauka a tsibirin Kuba, suka tarar da mutanen wurin suna naɗe wani busasshen ganye, suna sa masa wuta, suna zuƙar hayaƙinsa. Matuƙan jirgin ruwa suka koya, suka kai al'adar gida. Wajen 1560 wani jakadan Faransa a Fotugal, mai suna Jean Nicot, ya aika da ita fadar sarkinsu da sunan magani. Daga sunansa ne aka sami kalmar nikotin, watau dafin nan da ke cikin ganyen, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi kaɗan bayan an zuƙa, ya sa mutum ya ji wata 'yar natsuwa, sa'an nan in ya sake shi ya bar shi da ƙawar wani. Ko sunan da muke kiranta da shi ya isa shaida a kan baƙuntarta, gama Bahaushe ya ce taba, Bayarabe ya ce taba, Bature kuma abin da yake faɗa bai yi nisa da haka ba. Suna ɗaya ne ya yi ta yawo tare da ganyen.

Sarakunan duniya ba su karɓe ta hannu biyu ba. Sarkin Ingila James na Ɗaya ya rubuta ɗan littafi a 1604 yana zaginta, ya kuma ɗaga kuɗin fitonta daga kwabo 2 zuwa sule 6 da kwabo 10 a kan ko wace laba. Sarkin Musulmi na Istambul, Murad na Huɗu, ya hana ta a 1633, har ana kashe wanda aka kama yana sha. Duk a banza. Mutane ba su bari ba, sarakunan Turai kuwa da suka ga irin kuɗin da ke shiga baitulmali ta dalilinta, sai fushinsu ya fara hucewa. Ku riƙe wannan a ranku, za mu sake gamuwa da shi a ƙasarmu.

Ta ƙofa biyu ta shigo wa baƙar fata, ta bakin teku da ta Hamada. Kafin shekara ta 1600 ta cika ana shanta a Tambutu. Nan da nan malamai suka shiga muhawara a kanta, don ba su same ta a littattafan magabata ba. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda aka kwashe zuwa Marrakush bayan da rundunar Maroko ta ci Sanwai, ya yi rubutu a 1607 yana ganin ba haramun ba ce muddin ba ta gusar da hankali ba. Daga baya, cikin wannan ƙarni, wani malami a ƙasar Bagarmi, Muhammad al-Wali, ya tsaya tsayin daka a kan haramcinta. Ashe gardamar da kuke ji tsakanin malaman unguwa ta haura shekara 400. Masu haƙa kufai don binciken tarihi sun ma mai da lofe abin auna zamani: in suka tono tukunyar taba ta yumɓu a wani kufai na ƙasashen nan, sai su gane mutane sun zauna wurin bayan 1600.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba shi da daɗin ji, amma bai kamata a ɓoye muku shi ba. A ƙasar Bahiya ta Barazil ana noman taba da yawa. Mai kyau a kai Turai, ta baya kuwa, wadda aka hana shigarwa Lisbon, sai a shafe ta da ruwan rake don kada ta bushe, a murɗa ta kamar igiya, a kawo bakin tekun Dahomai. Mutanen wurin suka fi son wannan mai zaƙin, har ta zama kuɗin sayen bayi. A farkon ƙarni na 19, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka yi yawa a ƙasar Hausa, an gangara da kamammu da yawa zuwa teku, aka musanya su da irin wannan taba. Hausawa sun yi yawa a Bahiya har suka shirya bore a 1807, suka kuma tayar da wani a 1814. Mutum ɗungurungum, mai uwa mai uba, a ba da shi a karɓi ganye!

To, mu komo gida. Sa'ad da matafiya Turawa suka fara zuwa ƙasarmu, sun tarar taba ta riga ta zama 'yar gida. Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ga mutane suna tauna ta da kanwa, ya kuma ga ana rina haƙora da furenta. Dakta Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya ga gonakin taba a gefen gari inda ruwa ke kusa. Da ya isa Katsina a 1853 yana shirin tafiya Tambutu, har da tabar Katsina ya saya cikin guzurinsa, saboda tana da daraja a can. Ku duba fa, ƙasar Daura tana tsakanin waɗannan garuruwa uku ne, Kano da Katsina da Damagaram.

Yadda kakanninmu suka yi amfani da ita ya bambanta da na yanzu. Manomi yakan keɓe ɗan wuri a fadama, ko bayan gida inda taki ya taru, ya dasa. In ganye ya ƙosa a yanke, a shanya, a daka, ya zama taba gari. A haɗa da kanwa, a zuba a batta, a riƙa ɗiba ana sawa a leɓe ko a shaƙa. Waɗansu tsofaffi kuma su cusa ganyen a lofe, su kunna da ƙyastu ko garwashi. Mata su tsinki fure su goga a haƙora bayan sun ci goro, don ado. Kanwar nan ba don ɗanɗano kaɗai ake sa ta ba. Masana sun gano tana buɗe wa nikotin hanya ya ratsa fatar baki da sauri. Tsofaffinmu ba su san sunan abin ba, amma sun san wadda aka sa wa kanwa ta fi kamawa. Kanwar kuwa daga ƙasar Manga da Muniyo da bakin Tafkin Chadi ake kawo ta, ta biyo ta Damagaram ta gangaro Kano, watau ta ratsa wannan yanki da muke magana a kansa. Buzaye masu raƙuma su sauke gishiri da kanwa, su ɗauki gero da tufafi da taba su yi arewa.

A nan ne dalili na farko ya fito fili. Musulunci ya hana giya, saboda haka abin da ya rage wa mutum na ɗebe gajiya da karɓar baƙo shi ne goro da taba. Goro kuwa a wancan zamani kayan masu hali ne. Daga Gwanja ake ɗauko shi, tafiyar watanni, ana biyan fito a hanya, ana yayyafa masa ruwa kada ya bushe, kafin ya iso Daura ya yi tsadar da talaka sai ran suna ko ɗaurin aure yake ganinsa. Taba fa? A bayan ɗakinsa take. Don haka sai goro ya zama na fada da attajirai, taba ta zama ta manomi da makiyayi da ɗan alaro mai ɗaukar kaya. Masu mulki ma ba su bar ta haka ba. A ƙasashen Kano da Katsina, ban da kuɗin ƙasa, akwai kuɗin shuka da kuɗin rafi da ake karɓa a kan amfanin da ake nomawa don sayarwa, irin su baba da albasa da rake, taba tana cikinsu. Hausawa dai sun san matsayinta, shi ya sa suke cewa taba ta bambanta da garin gero. Sun san ba ta tuwo, amma ba su yar da ita ba.

Cikin ƙarni na 19 ƙasar Daura a rabe take. Bayan jihadi Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyar tsohuwar sarauta suka kafa a Zango da Ɓaure, suka koma ƙarƙashin inuwar Sarkin Damagaram. Ke nan mutanen yankin Babban Mutum sun daɗe fuskarsu tana duban arewa, can suke aure, can suke cin kasuwa. Turawan Ingila suka mai da Malam Musa gadon sarautar Daura a 1906, suka haɗe ƙasar. Tsakanin 1906 da 1908 kuma Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Rana ɗaya hanyar kasuwa ta zama hanyar ƙetare ƙasa, wa ya zama na Ingilishi, ƙane ya zama na Faransi. A lokacin ba wanda ya ga abin da wannan zai jawo wa cinikin taba. Sai bayan shekara 60 ya bayyana.

Sigari kuwa ɗan inji ne. Da hannu ake naɗa shi a da, yana da tsada. A 1881 wani Ba'amurke mai suna James Bonsack ya sami takardar mallakar wani inji da ke naɗa kara 200 cikin minti ɗaya. Daga ran nan matsalar masu kamfani ta juya: kaya sun fi masu saye yawa, dole a fita duniya neman bakuna. A 1902 aka kafa kamfanin British American Tobacco don wannan aiki, kafin shekara 10 kuwa ya kai ga Nijeriya.

Ya zo a kan gaɓa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a kakar 1912 ciniki gyaɗa ya ɓarke. Ƙasar Daura jigawa ce, gyaɗa na son ta. Turawa suka kashe wuri, suka ce haraji sai da kuɗinsu, saboda haka ko wane magidanci dole ya nemi abin da zai sayar. Kantunan da ke sayen gyaɗa su ne kuma ke sayar da atamfa da kananzir da ashana da sigari, watau kuɗin da aka miƙa wa manomi ta wannan taga, a karɓe wani abu daga ciki ta waccan. Ku lura da ƙananan kuɗin nan, anini da ɗari da kwabo. Su ne suka sa aka iya fasa gwangwani ko kwali a sayar da kara ɗaya ɗaya. Ba don wannan dabara ba da sigari bai shiga ƙauye ba, gama manomin da zai iya sayen kwali guda a lokaci ɗaya ba shi da yawa.

Sa'an nan irin aikin da zamani ya kawo ya dace da sigari fiye da lofe. Lofe yana son zama a gindin itace, da garwashi kusa, da hira. Lebura mai aikin hanya, ko mai dakon buhunan gyaɗa, ko direba da karen motarsa, ba su da wannan sukuni. Sigari kuwa a aljihu yake, ashana ɗaya ta isa, kafin heluma ya waiwayo an gama. Da kamfani ya ga kasuwa ta kafu, sai ya daina dogara ga na jirgin ruwa kaɗai. Ya gwada ƙaramar masana'anta a Oshogbo, ya buɗe babba a Ibadan a 1937. A 1951 aka yi masa rajista da sunan Nigerian Tobacco Company, daga baya ya gina wata a Fatakwal, wata kuma a Zariya a ƙarshen shekarun 1950. A ƙasar Zazzau da waɗansu fadamun Sakkwato kamfani ya riƙa ba manoma iri da taki bashi, ya turo malaman gona, in kaka ta yi shi ne mai saye, shi ne mai cewa wannan ganye lamba ɗaya ne, wancan lamba uku. Manomi ya sami kuɗi a hannu, ba mu musa ba, amma mai saye ɗaya tak ba a yi masa gardamar farashi. Ita ƙasar Daura gero da gyaɗa ne ƙarfinta, rabonta a wannan sabon ciniki shi ne saye.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa abin ƙarfi. An ɗebi samari daga ko'ina cikin Arewa, da yawa aka kai su Indiya da Bama tsakanin 1943 da 1945. Sigari yana cikin kayan da ake raba wa soja, kamar sabulu da sukari. Saurayin da ya bar ƙauye bai san komi ba sai fartanya, ya komo da kaki da takalmi da 'yan kuɗi, yana ba da labarin teku, kara a bakinsa. Yara suna kallo. A nan ne sigari ya sami abin da taba gari ba ta taɓa samu ba, watau kwarjini. Taba gari ta tsohuwa ce da baƙauye. Sigari na Joji ne da Di'o, da akawun kanti, da malamin En'e mai alƙalami a aljihu. Wannan magana ta shafe ku ƙwarai, domin ɗan makaranta shi ne wanda masu talla suka fi nema tun asali. Shi ne zai ɗauki albashi ko wane wata, shi ne mai karanta jarida, shi kuma 'yan garinsu za su kwaikwaya. Hotunan tallar da aka yi ta bugawa shekara da shekaru ba na manomi a kunya ba ne, na saurayi ne mai tsabta, mai farar riga, wanda duniya ke yi da shi.

Ana cikin haka likitoci suka fara gano ɓarnar. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila suka nuna cewa masu ciwon dajin huhu kusan dukansu mashaya sigari ne. Ƙungiyar manyan likitocin London ta tabbatar a 1962, babban likitan gwamnatin Amurka ya biyo baya a 1964. Daga nan Turawa suka fara janyewa. A 1948 wajen maza 8 cikin 10 a Ingila suna shan taba, yau ba su kai 2 cikin 10 ba. To, injin da ke naɗa dubbai cikin minti ba ya tsayawa don Bature ya tuba. Sai aka ƙara juyo da fuska wajen ƙasashen da ke da yara da yawa, da doka mai rauni, da gwamnati mai bukatar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 ko wace shekara, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na masu amfani da ita suna ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin hali. Wanda ya kawo kiɗan ya koma gefe, mu aka bari da rawa.

Yanzu mu dubi tambayarmu ta farko ido da ido. Nikotin yana danne yunwa na ɗan lokaci, yana kuma kore barci. Wa ya fi bukatar waɗannan biyu? A ƙasar Daura damina gajeruwa ce, wata uku ko huɗu, sauran shekara ba aikin gona sai ga mai lambu. Da an gama girbi samari su bazu cin rani, Kano da Kaduna da Legas da Fatakwal, su yi gadi, su yi dako, su yi ga-ruwa, su hau acaɓa. Mai gadi yana son abin da zai hana shi gyangyaɗi. Mai dako da bai karya ba yana son abin da zai kai shi azahar. Kwanon abinci ya fi ƙarfin abin da ke aljihunsa da safe, kara ɗaya bai fi ƙarfinsa ba. Ga shi kuma ya yi nisa da gida, ba uba ba kawu, ba wanda zai ji kunyarsa. Abokan kwanansa in sun kunna sukan miƙo masa, ƙin karɓa kuwa kamar ƙin zumunci ne. Mai tebur ma yakan ba da bashi ga wanda ya saba. Kafin damina ta kira shi gida, abin da ya fara don maganin yunwa ya zama wata yunwar ta biyu, wadda ita ma kullum sai an ciyar da ita.

Ku ɗauki allo ku yi wannan lissafi. Mutumin da ke shan kara 5 a yini, a shekara ya sha 1,825, watau kwali 91 da 'yan kai. Ku tambayi mai tebur na unguwarku kuɗin kara ɗaya, ku ninka, sa'an nan ku tambayi kuɗin tiyar gero a kasuwa, ku raba. Abin da ya fito shi ne hatsin da ya tashi a hayaƙi. Za ku kuma tarar mai sayen ɗaya ɗaya yakan biya fiye da mai sayen kwali, watau wanda ya fi talauci shi ya fi biya da tsada.

Amma kada ku zaci ba abin da ya taka mata birki. In aka gwada da ƙasashe da yawa, mashaya taba a Nijeriya kaɗan ne. Binciken da aka yi a ƙasa duka a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manya ne ke amfani da taba, maza kashi 10, mata kashi 1.1. A ganinmu addini da kunya sun yi aikin da doka ba ta yi ba. Ɗarikar Tijjaniyya ta hana mabiyanta taba, ta kuwa yaɗu ƙwarai a ƙasashen Kano da Katsina da Daura, musamman bayan da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya sadu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji a 1937. Malaman sauran ɓangarori ma mafi yawansu a yau suna ƙyamarta. Ɗa ba ya sha gaban ubansa ko da ya yi furfura, suruki ba ya sha gaban surukinsa, mace kuwa in aka gan ta da sigari an gama yi mata suna. Wannan katanga ce mai ƙarfi, sai dai a ƙauye ta fi tsayi. A tasha da bariki da ɗakin kwanan makaranta gajeruwa ce, ko yaro ya tsallake. Kamfanoni kuwa sun san wannan lissafi sarai: inda mashaya suka yi kaɗan kuma yara suka yi yawa, nan kasuwar gobe take.

Saura batun iyaka. Bayan samun mulkin kai, Nijeriya ta tsananta wa sigarin waje, wani lokaci da haraji mai nauyi, wani lokaci da hani ɗungum, don ta kare masana'antun gida. Nijar kuwa ba ta da teku, ba ta da irin waɗannan masana'antu, sai ta ga hanyar samu. Tun zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 attajiran Maraɗi, da na Damagaram a bayansu, suka shiga cinikin da ake kira taransi. A sauke kwalayen sigari a tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome, a yi musu takarda a kan wucewa za su yi, a biya gwamnatin Nijar ɗan kuɗin wucewa, a kawo su rumbunan da ke kusa da iyaka. Daga nan a Nijar halal ne, taku kaɗan kudu ya zama fasa-ƙwauri. Waɗansu kuma a yi arewa da su ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, a kan tsohuwar hanyar raƙuma. Iyakar da ke tsakanin Kwangwalam da Babban Mutum fili ne fetal, gona tana haɗe da gona, ba dutse ba kogi. Ofishin kwastan yana kan titi, daji kuwa na kowa ne. Man fetur da taki su yi arewa, sigari da atamfa da shinkafa su yi kudu.

Ba mu ce mutanen iyaka sun fi sauran mutane son karya doka ba. Saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, gonar gidansu an raba ta har ta zama ba ta ciyar da kowa, in aka ce ya ɗauki kwali biyu a babur ya kai wancan ƙauye a ba shi abin da bai samu a mako guda na ƙwadago, da wuya ya tsaya dogon tunani. Riba mai kauri tana wajen mai rumbu da ke birni, wanda ba ya kwana a daji. Na kan babur shi ke gamuwa da harsashi. Abin da wannan ciniki ya jawo wa garuruwan iyaka shi ne sigari mai araha, wanda bai biya haraji ba, a kan ko wane tebur.

Gwamnati dai ta yi dokoki. A 1990 mulkin soja ya kafa dokar hana sha a waɗansu wuraren taruwar jama'a, da tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwali. Amma a 2001 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da British American Tobacco a kan zuba dala miliyan 150, aka buɗe sabuwar masana'anta a Ibadan a 2003, ana murna an sami ayyuka da haraji. A 2005 wannan gwamnati ɗin ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba. Kun tuna Sarki James? Hannu ɗaya yana kora, ɗaya yana karɓa. A 2007 jihar Kano da waɗansu jihohi suka kai kamfanonin taba ƙara suna neman kuɗin jinyar marasa lafiya. A 2015 aka sa hannu a kan babbar dokar taba ta ƙasa, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaya ɗaya. Wannan sashe na biyu ya nufi ainihin jijiyar cinikin, amma duk wanda ya je tasha ya san ba a fasa ba. Shisha kuma ta shigo wa samarin birni, lofen kaka ne ya komo da kwalba da ƙamshin 'ya'yan itace.

A 2018, zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, aka ƙara wa sigari wani haraji na musamman a kan ko wane kara, naira 1 a shekarar farko, naira 2 a ta biyu, naira 2 da kwabo 90 a ta uku. Masana sun yarda tsada ita ce ta fi hana yaro da talaka fara sha. Sai dai a gari irin Babban Mutum tsadar gefe ɗaya riba ce ga mai ɗaukowa daga ɗaya gefen. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Nijar, titi ya mutu, hanyoyin daji suka rayu. Maganin da aka hango shi ne maƙwabta su daidaita harajinsu, don haka a 2017 ƙungiyar ECOWAS ta umurci ƙasashenta kada harajin sigari ya gaza rabin kuɗinsa, da ƙarin santi 2 na dala a kan ko wane kara. Ƙasashe da yawa ba su kai ga cika wannan umurni ba, Nijar kuwa ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu 2025.